Likitan haƙori da karatu daga nesa: Ina makomar majinyacin Maruta?

Idan ciwon haƙori ya kama mutum a garin Maruta, da ke ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin jihar Jigawa, abin da ya kan fara yi shi ne ya kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ko ya danna kanumfari a cikin kogon haƙorin. In ciwon ya ƙi lafawa, sai ya nufi kemis ya sayi maganin kashe zafi.

Sai ranar da kumatu ya kumbura, barci ya gagara, sannan a fara lissafin kuɗin mota zuwa Birnin Kudu, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take, ko zuwa Dutse, ko ma Kano. A wannan lokaci kuwa, sau da yawa babu abin da ya rage wa likita illa ya cire haƙorin.

Shi ma likitan da majinyacin zai taras a ƙarshen wannan tafiya yana da tasa damuwar. Ilimin da ya fito da shi daga jami'a yana tsufa, domin hanyoyin jinyar haƙori suna sauyawa. Idan ya tafi ƙaro karatu na shekaru, majinyatansa sun rasa mai duba su. Idan kuma ya zauna, zamani ya wuce ya bar shi. Gaba kura, baya siyaki.

Wannan ne ya sa ake ta maganar wata hanya ta uku, wato karatun digiri na biyu daga nesa, wanda likita zai yi ta intanet yana nan a bakin aikinsa.

Wane irin karatu ne?

Karatun ba na wanda yake son ya zama likita ba ne. Na wanda ya riga ya zama likitan haƙori ne, yana da digiri da lasisin aiki, kuma yana duba majinyata a kullum.

A Nijeriya, kafin mutum ya kai wannan matsayi sai ya yi shekaru shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan ya yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa.

Aikin haƙori yana da rassa. Akwai masu tiyatar baki da muƙamuƙi, da masu daidaita jerin haƙora, da masu kula da haƙoran yara, da masu jinyar dasashi. Amma likitan da ke aiki a wuri irin Birnin Kudu ba ya zaɓen majinyaci. Duk wanda ya shigo da ciwo, nasa ne.

Saboda haka ne wasu jami'o'i suka tsara digiri na biyu a kan aikin haƙori na gama-gari, wanda ke zurfafa ilimin likita a dukan abubuwan da ya saba gani: ciko, da jinyar jijiyar haƙori domin a ceto shi daga cirewa, da cututtukan dasashi, da haƙoran roba, da ƙananan tiyata, da gane alamun sankarar baki tun da wuri, da yadda za a kula da majinyaci mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko mace mai juna biyu.

A Birtaniya, Jami'ar Birmingham da Kwalejin King's da ke Landan suna cikin waɗanda suka yi suna wajen shirya wannan karatu ga likitocin da ke wasu ƙasashe.

Yadda ake gudanar da shi

Tsarin jami'o'in Birtaniya ya raba digiri na biyu zuwa maki 180, kuma ana ƙiyasta cewa kowane maki ɗaya yana buƙatar karatun sa'o'i goma. Ke nan digirin gaba ɗaya zai ci wa ɗalibi sa'o'i kimanin 1,800.

Idan aka raba wannan a kan shekaru uku, zai kama kusan sa'o'i 12 a kowane mako, bayan an tashi daga asibiti, ko da asuba, ko a ƙarshen mako.

Wanda ya tsaya a maki 60 ya kan sami takardar shaida, wanda ya kai 120 ya sami difloma, wanda ya kammala 180 tare da rubuta kundin bincike shi ke samun cikakken digiri.

Ana ɗora laccoci a shafin jami'a, ɗalibi ya saurara lokacin da ya sami sukuni. Akwai kuma zaman tattaunawa kai tsaye ta bidiyo da malamai da sauran ɗalibai, da rubuce-rubucen da ake aikawa a duba.

Sai dai ƙashin bayan karatun shi ne majinyatan likitan kansa. Zai zaɓi wasu daga cikinsu, da izininsu, ya ɗauki hoton bakinsu da hoton ƙashi kafin jinya da bayanta, ya rubuta abin da ya gani, da abin da ya yanke shawarar yi, da hujjarsa ta ilimi. Malamai su duba, su yi masa tambayoyi, su nuna masa inda ya kauce.

Wasu kwasa-kwasan kuma su kan wajabta wa ɗalibi zuwa jami'ar na wasu kwanaki, domin ya yi aikin hannu a kan kawunan roba masu haƙora a gaban malamai.

Me ya sa likita ke bukatar ƙarin ilimi?

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda aikin ke sauyawa. Fiye da shekaru 150 likitoci suna cike kogon haƙori da wani haɗi mai launin azurfa da ake kira amalgam, wanda kusan rabinsa zaiba ce.

A 2013 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Japan inda gubar zaiba daga wata masana'anta ta halaka mutane. Nijeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar a 2018. Tarayyar Turai ta hana amfani da amalgam daga farkon 2025, in ban da inda lalura ta tilasta, kuma a watan Nuwamban 2025 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suka tsayar da 2034 a matsayin shekarar da za a daina amfani da shi.

Likitan da ya goge a kan amalgam, tilas ne ya ƙware a kan fararen kayan ciko da suka maye gurbinsa, waɗanda ke da nasu ƙa'idojin, musamman wajen hana yawu taɓa wurin da ake aiki.

Wasu sauye-sauyen ma sun fi dacewa da karkara. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata dabara a Tanzaniya, wadda likita ke kankare ruɓaɓɓen ɓangaren haƙori da kayan hannu kawai, ya cike da wani siminti na musamman mai fitar da sinadarin fuloraid. Ba ta buƙatar injin huda haƙori, ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma sau da yawa ba sai an yi allura ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan siminti a cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada, tare da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid wanda ake shafawa a haƙorin yaro ya tsayar da ruɓewa. Aibin ruwan shi ne yana mayar da wurin da ya ruɓe baƙi, don haka sai an yi wa iyaye bayani tukuna.

Irin waɗannan dabaru ana iya ɗaukarsu a jaka a kai su makarantar firamare a Maruta, ko Sara, ko Kila, ko Basirka. Amma sai likitan ya san da su, ya kuma san inda suke aiki da inda ba sa yi.

Hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya, MDCN, ita ma ta shardanta cewa sai likita ya nuna shaidar halartar darussan ƙarin ilimi kafin a sabunta masa lasisi.

Batun rai da mutuwa

Mai yiwuwa wani ya ɗauka cewa maganar haƙori maganar kwalliya ce. A arewacin Nijeriya abin ya wuce haka, saboda cutar da likitoci ke kira noma, mai zaizayar baki da fuska. Sunan daga harshen Girka ya fito, ba shi da alaƙa da noman gona.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, musamman bayan sun yi ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa ne da gyambo a dasashi, da jini, da warin baki. Cikin 'yan kwanaki sai kumatu ya kumbura, nama ya fara mutuwa, har ta huda fuska ta ci ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa. Amma idan aka gane ta tun tana dasashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

A Sakkwato akwai asibiti na musamman na wannan cuta tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014. A watan Disamban 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma a cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Yaron da ke Maruta ba likitan haƙori zai fara gani ba. Ma'aikacin ɗakin shan magani zai gani, ko ungozoma, ko mai kemis. Wanda zai koya wa waɗannan su riƙa buɗe bakin yaro suna dubawa shi ne likitan haƙorin da ke zaune a yankin. Idan ya tafi, wannan koyarwa ma ta tafi.

Ƙarancin likitoci

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki da haƙori a duniya, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfin tattalin arziki.

A yankin Afirka na hukumar, likitocin haƙori uku da 'yan kai ne ga kowane mutum dubu 100, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na matsakaicin adadin duniya.

A Nijeriya kuma akwai tazara tsakanin kudu da arewa. Jami'ar Legas ta buɗe makarantar likitocin haƙori a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta sami tata ba sai a farkon shekarun 2000 a Jami'ar Maiduguri, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe tata.

Ƙidayar 2006 ta nuna Gwaram na da mutane sama da dubu 270, Birnin Kudu kuma sama da dubu 310, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. A irin wannan yanayi, tafiyar likitan haƙori ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne.

Hanyar da aka saba bi

Hanyar ƙwarewa da aka sani a Nijeriya ita ce ta likitoci masu neman ƙwarewa. Likita zai sami gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya yi shekaru huɗu zuwa shida in komai ya tafi daidai, yana cin jarrabawa mataki-mataki.

Masu shirya jarrabawar su ne Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Kwalejin ta ƙasa ma tana da sashe na musamman na likitocin haƙori na iyali, wanda shi ne ya fi kusa da aikin gama-gari.

Wannan hanya ta fi kowace zurfi, domin ɗalibi yana aiki ne a gaban malaminsa kullum. Sai dai guraben ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Wanda ya yi shekaru shida a birni, ya sa yaransa a makaranta, ya saba da kayan aiki, ba kasafai ya kan so komawa inda ya fito ba.

Inda gizo ke saƙar

Karatu daga nesa yana magance matsalar tafiya, amma yana da nasa cikas, kuma ya kamata a faɗe su ƙarara.

Na farko, aikin haƙori aikin hannu ne. Ana iya koyon dalili da hujja ta bidiyo, amma nauyin da hannu zai sa a kan ƙarfe a cikin tushen haƙori sai da malami a tsaye. Hoto yana nuna sakamako ne kawai, ba ya nuna yadda aka kai gare shi.

Na biyu, digiri na biyu na jami'a ba ya mayar da likita babban ƙwararre a tsarin asibitocin Nijeriya. Wannan matsayi yana hannun waɗanda suka kammala jarrabawar kwalejojin nan biyu, ko makamanciyarta da hukuma ta amince da ita. Haka kuma digirin ba lasisin aiki ba ne a Birtaniya, can ma akwai jarrabawar rajista ta daban.

Na uku, kuɗi. Da fam ɗin Ingila ake biyan kuɗin makaranta, kuma ya kan kai dubban fam a shekara. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a 2024. Ga mai albashin gwamnati, wannan kaɗai ya isa ya rufe ƙofa, ban da kuɗin biza da na jirgi idan akwai zuwa jami'ar.

Na huɗu, wuta da intanet. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan lantarki. Ɗalibin da ba shi da sola ko janareto ba zai iya alƙawarin halartar darasi a kan lokaci ba.

Na biyar, an tsara darussan ne bisa majinyatan Turai da kayan aikin Turai. Za a iya neman ɗalibi ya gabatar da aikin da ke buƙatar na'urar da babu ita a asibitinsa, ko jinyar da majinyacinsa ba zai iya biya ba, alhali noma, ko karayar muƙamuƙi daga hatsarin babur, ko kula da mai cutar sikila ba su sami kaso mai yawa ba.

Akwai kuma wata fargaba. A 2024 ministan lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin dubu 15 zuwa dubu 16 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar. Takardar wata jami'ar waje tana iya zama abin da zai zaunar da likita a gida, tana kuma iya zama guzurin tafiyarsa.

Ba baƙon abu ba ne a Arewa

Karatu daga nesa ba da intanet ya fara ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta, kuma 'yan Nijeriya da dama sun sami digiri ta hanyar wasiƙa tun zamanin mulkin mallaka.

Misalin da ya fi kusa shi ne Cibiyar Horas da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976. Malaman firamare masu yawa a Arewa sun sami takardar NCE ta hanyarta ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Littattafai a gida, haɗuwa da malamai a wata cibiya da ke kusa a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, tana da cibiya a Dutse. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma ta buɗe cibiyar karatu daga nesa, wadda ta haɗa da digirin aikin jinya. Annobar korona ta 2020 kuma ta sabar wa likitoci da halartar lacca ta bidiyo.

Tsarin NTI yana da darasi ga aikin haƙori. Abin da ke na kai a koye shi daga nesa, abin da ke na hannu a koye shi a kusa. Daga Birnin Kudu zuwa Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ba ta buƙatar biza. Likita zai iya yin karatunsa da dare a gida, ya je Kano na 'yan kwanaki a kowane zango ya yi aikin hannu a gaban malamai, su ma malaman su riƙa ziyartarsa su ga yadda yake aiki da kayan da yake da su. Kuɗin da naira za a biya, darasin kuma a gina shi a kan cututtukan da ke yankin.

Wannan shawara ce da ke hannun jami'o'i, da kwalejojin ƙwararru, da gwamnatocin jihohi, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin likita bisa sharaɗin ya ci gaba da aiki a inda yake na wasu shekaru.

Kafin a biya kuɗi

Ga likitan da ke tunanin shiga irin wannan karatu a yanzu, akwai tambayoyin da ya kamata ya sami amsarsu tun kafin ya cike takarda, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shin jami'ar tana da rajista a ƙasarta, kuma hukumar MDCN za ta yarda ta rubuta takardar a matsayin ƙarin shaidar karatu? Nawa ne jimillar kuɗin har ƙarshe, kuma za a iya tsayawa a difloma idan hali ya gaza? Akwai tilascin tafiya, kuma sau nawa? Waɗanne irin ayyuka za a nemi ya gabatar, kuma asibitinsa na da kayan yin su? Shugabannin asibitin za su rage masa aiki a lokacin jarrabawa?

Tambaya ta ƙarshe kuma ita ce ta majinyaci. Bayan shekaru uku, mutumin da ya taso daga Maruta da kumburarren kumatu, zai taras da likitan yana nan? Kuma zai koma gida da haƙorinsa a bakinsa, ko a ƙunshe cikin auduga? Da wannan za a auna amfanin karatun.